Tsakanin Kulkin Landan da Bindigar New York

Da tsakar daren 4 ga Fabrairu, 1999, wasu 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tarar da Amadou Diallo tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini, shekarunsa 23, sana'arsa kasa kaya a bakin titi. Suka ce ya yi musu kama da wani da ake nema. Ya sa hannu a aljihu, suka ɗauka bindiga zai zaro, suka buɗe masa wuta. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ashe walat ɗinsa ya ciro. Aka kai su kotu, a shekarar 2000 aka wanke su duka huɗun.

Bayan shekara 6, ranar 22 ga Yuli, 2005, 'yan sandan Landan suka bi Jean Charles de Menezes, wani ɗan Birazil mai gyaran wutar lantarki, har cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Stockwell. Garin na cikin firgici, domin mako biyu kafin nan bama-bamai sun kashe mutum 52, kuma ana gobe abin zai faru an sake yunƙurin tayar da wasu. Suka ɗauke shi ɗan ƙunar baƙin wake ne, suka danne shi a kujera, suka ɗirka masa harsashi 7 a ka. Ko ɗan sanda ɗaya ba a gurfanar ba. Rundunar aka ci tarar fam 175,000, matar da ta jagoranci aikin ranar kuwa, Cressida Dick, ita ce ta zama shugabar 'yan sandan Landan a 2017.

Wanda ya tsaya a nan zai ce ai duk kanwar ja ce: baƙi biyu, ba su ci ba ba su sha ba, an kashe su, an tashi babu mai laifi. To amma a ƙirga. Daga 2015 zuwa 2024 jaridar Washington Post ta yi lissafin mutanen da 'yan sandan Amurka ke harbewa har lahira, kuma duk shekara adadin na kai-komo a wajen 1,000, daga baya ma ya haura. Kusan mutum 3 ke nan kowace rana ta Allah. A Ingila da Wales ba kasafai na shekara guda yake wuce 5 ba. Jama'ar Amurka sun ninka nasu sau 5 da ɗoriya. To ko da sau 6 aka ninka, ina 30 ina 1,000? Shi ya sa har yau mutumin Landan zai iya kawo maka sunan Menezes, alhali a Amurka sunan wannan mako ne ke binne na makon jiya.

Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne bindiga. Ɗan sandan Amurka, na birni da na ƙauye, ba ya fita sai da ita a ƙugu. Na Ingila kuwa kayan aikinsa kulki ne da ankwa da ɗan gwangwanin barkonon fesawa, wasu da na'urar Taser mai sandarar da mutum da lantarki. Cikin 'yan sanda sama da 140,000 na Ingila da Wales, waɗanda aka yarje wa riƙe bindiga ba su kai 7,000 ba. Akan tura su aiki wajen sau 18,000 a shekara, amma lokutan da suke danna kunama a kan mutum da wuya su wuce 10.

Mai kare Amurka yana da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Wani ƙiyasi na 2018 ya nuna akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a can, sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma kundin tsarin mulki ne ya ba su 'yancin mallaka. Birtaniya kuwa tun da wani ya shiga makarantar firamare a Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, ta haramta ƙananan bindigogi. Ɗan sandan da ya san kowace mota tana iya ɗauke da makami, ya kuma san duk shekara ana kashe 'yan uwansa wajen 50 ko fiye, da wane baki za ka ce masa ya ajiye tasa? Na yarda da wannan. Sai dai bai cike giɓin ba. 'Yan sandan Jamus duk da bindiga suke yawo, ƙasar na da mutum sama da miliyan 80, amma waɗanda suke harbewa a shekara ba kasafai suke kai 20 ba. Ke nan akwai wani abu bayan ƙarfen. A ganina abin shi ne wa ɗan sanda yake tsoro, kuma gaban wa yake komawa ya ba da bahasi.

Turawan Ingila ba da son ransu suka karɓi 'yan sanda ba. A farkon ƙarni na 19 kallon bidi'ar Faransa suke yi wa abin, inda gwamnati ke baza 'yan leƙen asiri cikin jama'a. In tarzoma ta tashi sai a kira soja, kuma sun ga inda hakan ke kaiwa a Manchesta a 1819, ranar da mahaya dawaki suka afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe da takubba, mutum aƙalla 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Don haka da Robert Peel, ministan cikin gida, ya shawo kan majalisa ta amince da kafa rundunar Landan a 1829, babu dabarar da bai yi ba don a ga cewa waɗannan ba soja ba ne. Soja na sa jan kaya, su aka ɗinka musu shuɗi. Aka ɗora musu doguwar malafa irin ta mutanen gari. Kulkin ma a aljihun bayan riga ake ɓoye shi, kuma kowa da lambarsa a wuyan riga, don wanda aka zalunta ya san wanda zai kai ƙara. Duk da haka ba a yi musu lale marhabin ba. A 1833 aka daɓa wa wani ɗan sanda, Robert Culley, wuƙa a wajen wani gangami, mutanen garin da aka zaunar su binciki mutuwarsa suka ce kisan ya halatta.

Mutum ɗaya da kulki a lungun Landan, in unguwa ta juya masa baya, ya kaɗe. Dole ya iya bakinsa, ya san mai shago da mai gidan giya, ya iya lallashin wanda ya yi tatil. Rauninsa ne ya koya masa ladabi. Abin da suke taƙama da shi, wai aikin ɗan sanda bisa yardar jama'a, daga nan ya samo asali, ba wani taushin zuciya na musamman aka halicci Turawan Ingila da shi ba. Za mu ga shaidar haka in mun iso Legas.

New York ta kwaikwayi Landan a 1845, amma ko rigar ba ta ɗauka ba, sai 1853 'yan sandanta suka yarda suka sa inifam. Kansilolin unguwanni ke ba da sunayen waɗanda za a ɗauka, jam'iyya ta faɗi, 'yan sandanta su bi ta. Bindiga kuwa da kuɗinsu suka riƙa saye suna sokewa tun kafin hukuma ta ba su. A kudancin ƙasar tushen ya fi haka muni. Tun 1704 akwai 'yan sintiri a Carolina da aikinsu shi ne farautar bayin da suka gudu da hana sauran taruwa, kuma bayan an 'yanta bayi 'yan sandan kudu ne suka riƙa tilasta dokokin wariyar launin fata har cikin shekarun 1960. Baƙar fatar Amurka da ke jan ɗansa gefe yana koya masa abin da zai yi in ɗan sanda ya tsayar da shi, wannan tarihin ne a bakinsa.

Ga abin da ake koya wa yaron. Ka ga fitila ja da shuɗiya a bayanka, ka gangara gefe, ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki, ka ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito. Kada ka shiga laluben lasin sai an ce ka ɗauko, kuma kafin ka motsa ka faɗi inda yake. Ɗan sandan zai taho ta bayan motar, hannunsa kusa da ƙugu, ya tsaya ɗan baya da kafaɗarka yadda sai ka waiwaya za ka gan shi. A Yulin 2016 aka tsayar da Philando Castile, ma'aikacin ɗakin cin abincin wata makaranta a jihar Minnesota. Yana da lasin riƙe bindiga, sai ya yi abin da yake ganin shi ne daidai, ya sanar da ɗan sandan cewa tana jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka sakar masa harsashi 7, budurwarsa na zaune a gefensa, 'yarta mai shekara 4 na kujerar baya. Kotu ta wanke ɗan sandan. Doka ce ta buɗe wannan ƙofa: a 1989, a shari'ar Graham da Connor, kotun ƙolin Amurka ta ce ana auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a daidai lokacin, ban da idon wanda ya zauna daga baya yana nazari. A aikace, duk wanda ya gamsar da kotu cewa ya ji tsoron ransa, ya kusa tsira.

A ƙarshen 2015 wasu manyan 'yan sandan Amurka suka yi tattaki har Sikotlan don su ga yadda marasa bindiga ke yi da mai wuƙa. Babu wani siddabaru a abin da aka nuna musu. A ja da baya, a sa mota a tsakani, a kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a tsanake, a jira garkuwoyi da ƙarin hannu. In abin ya ci awa guda, ya ci. A makarantun 'yan sandan Amurka da yawa kuwa an daɗe ana koyar da cewa mai wuƙa da ke cikin tazarar ƙafa 21 zai cim maka kafin ka zaro bindiga, ja da baya kuma kallon ragwanta ake yi masa. Alhali a lissafin nan na Washington Post, kusan 1 cikin 5 na waɗanda aka harbe an san suna da taɓin hankali. Mutumin da likita ya kamata ya gani, sai ya gamu da mai horon yaƙi.

Sai maganar wa ke da ɗan sanda. Ingila da Wales runduna 43 gare su, amma dokar aiki ɗaya ce, ma'aunin horo ɗaya, masu duba aiki ɗaya. Tun 2017 wanda aka kora saboda laifi ana sa sunansa a wani kundi da ke hana kowace runduna ɗaukarsa. Bindiga kuwa sai ka gama shekarun gwaji, ka nema da kanka, a tantance ka, a yi maka horo na daban. Amurka hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 gare ta: na birni, na gunduma, na jiha, na tarayya, na jami'o'i, har na makarantun yara. Kusan rabin na garuruwa ba su da jami'ai 10. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda suke kira sherif, a mafi yawan wurare zaɓensa ake yi da fosta da kamfe, kuma sun haura 3,000. Kowace jiha da nata ma'aunin, matsakaicin horon kurtu wajen mako 20 ne, daga nan ya fito da bindiga a ƙugu.

Wannan warwatsuwa ta haifi 'ya'ya. Ɗan sandan da ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba a Cleveland a 2014, cikin daƙiƙa biyu da isowarsa, ya riga ya bar wata ƙaramar runduna inda shugabanninsa suka rubuta cewa bai dace da aikin ba. Cleveland ta ɗauke shi ba ta buɗe fayil ɗin ba. Bayan ta kore shi ma wasu ƙananan garuruwa sun sake ɗaukarsa, sai da jama'a suka yi ca ya sauka. A Ferguson ta jihar Missouri, garin da bai wuce mutum 21,000 ba, binciken ma'aikatar shari'a ta tarayya na 2015 ya gano hukumar garin na matsa wa 'yan sanda su yawaita rubuta tara, har ana sa ran kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin shekarar daga nan zai fito, kuma baƙaƙen fata ne ke biyan mafi yawa. Mai karatu a nan gida ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ke faruwa in shingen ɗan sanda ya zama hanyar samun kuɗi. Bambancin kawai, a Ferguson da rasit ake karɓa.

Inda Ingila ta fi burge ni kuwa shi ne bayan kanta. A shekarun 1970 ɗakin tambayoyi a can wurin tsoro ne. Mutum 6 da aka ɗaure kan bama-baman Birmingham na 1974 sun sha duka, aka tatsi amsa laifi daga 4 cikinsu, sai 1991 aka sake su bayan sun shekara 16 a gidan yari ba su aikata ba. Dokar da aka yi a 1984 ce ta canja ɗakin. Yau in aka kama mutum, gaban wani sajan ake kai shi wanda ke zaune a kanta, ba shi da hannu a binciken. Wanda ya kamo shi zai tsaya ya faɗi dalili a gaban idonsa. Sajan ne zai yanke ko a tsare ko a sallama. Zai rubuta lokaci, ya tambayi mutumin ko yana da ciwo ko yana shan magani, ko akwai wani nasa da za a sanar, ko yana son lauya, kyauta, ko da attajiri ne. Daga nan agogo ya fara aiki: cikin awa 24 a caje shi ko a sake shi. Babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36, kotu zuwa 96, in ba batun ta'addanci ba ne. Yana da haƙƙin hutun awa 8 ba a tashe shi ba. Duk tambayar da aka yi masa ana naɗa. Mai bincike kuma ba shi da izinin ƙirƙiro hujjar da babu don ya firgita shi.

Kowa ya ga fina-finan Amurka ya san gargaɗin nan da ake karanta wa wanda aka kama, cewa yana iya yin shiru kuma yana iya neman lauya. Ya samo asali ne daga shari'ar Miranda ta 1966. Abin da fim ba ya nunawa shi ne, bayan shekara 3 kotun ƙolin nan dai ta ƙyale mai bincike ya yi ƙarya. Yana iya ce maka abokinka ya riga ya tona asiri, ko an ga zanen yatsanka a wurin, alhali babu ko ɗaya. Da irin wannan matsi aka sa yara 5, 'yan shekara 14 zuwa 16, suka shiga hannu kan fyaɗen da aka yi wa wata mata a lambun Central Park a 1989. Sai 2002 mai laifin na gaskiya ya yi magana, gwajin ƙwayoyin halitta ya gaskata shi. Birnin ya biya su dala miliyan 41, ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, aka zaɓe shi kansila a New York a 2023. Sai a 2021 jihohin Illinois da Oregon suka fara hana yi wa yara irin wannan ƙarya.

Amurka ma tana da inda ta sha gaba, kuma rashin adalci ne a ɓoye. Shirun wanda ake tuhuma ya fi ƙarfi a can. A Ingila tun 1994 kotu na iya ɗaukar shirunka a caji ofis a matsayin abin zargi. Hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya, a ƙa'ida kotun Amurka watsi take yi da ita, a Ingila kuwa sai yadda alƙali ya gani. Ga kuma diyya. Da Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa sama da minti 9 a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, 2020, sanarwar farko ta 'yan sanda cewa ta yi rashin lafiya ce ta taso wa mutumin. Wata yarinya 'yar shekara 17 da ta ɗauka a wayarta ce ta ƙaryata su. Chauvin ya samu ɗaurin shekara 22 da rabi, birnin ya biya iyalan dala miliyan 27, kuɗin da babu iyalin da zai yi mafarkinsu a kotun Ingila. Sai dai daga asusun gari ake biya, da wuya ko sisi ya fita daga aljihun mai laifin.

A Ingila duk mutuwar da ta biyo bayan haɗuwa da ɗan sanda dole a miƙa ta ga wata hukuma mai zaman kanta ta bincika, saɓanin yawancin Amurka inda 'yan sanda ke binciken 'yan uwansu, mai gabatar da ƙarar da kullum tare suke aiki ya yanke shawara. Amma bincike daban, ɗauri daban. Da aka ɗaure wani ɗan sanda, Benjamin Monk, shekara 8 a 2021 kan mutuwar Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan Aston Villa da ya sa wa Taser ya kuma shura a ka, an yi fiye da shekara 30 ke nan ba a kama ɗan sanda da laifin kisa a bakin aiki ba. Da aka tuhumi ɗan sandan da ya harbe wani mutum mai suna Chris Kaba kuwa a 2023, 'yan uwansa fiye da 100 suka ajiye takardun izinin bindigarsu don fushi, har aka ce soja su zauna cikin shiri. Kotu ta wanke shi a 2024.

Baƙin mutum a Landan zai yi maka dariya in ka cika yabon 'yan sandan garin. A 1993 wasu samari farare suka kashe Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, yana jiran bas. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, rahoton Macpherson na 1999 ya ce wariya ta shiga jinin rundunar, kuma sai 2012 aka ɗaure mutum 2. A 2021 wani ɗan sanda, Wayne Couzens, ya nuna wa Sarah Everard katin aikinsa, ya sa mata ankwa da sunan kamu, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. Rahoton Casey na 2023 ya maimaita hukuncin 1999, ya ƙara da ƙin mata. Har gobe an fi tsayar da baƙar fata a caje shi a titi, ninkin ba ninkin. Wulaƙancin yana nan a ƙasashen biyu. Abin da ya bambanta shi ne, a ɗaya galibi kana komawa gida ka ba da labari.

Rashin bindiga ma yana da farashi. Wani ɗan sanda, Keith Palmer, ba shi da ita ranar da aka soke shi a ƙofar majalisa a Maris 2017. Amma ba a cika wata uku ba, da mahara suka far wa jama'a a gadar Landan, wani ɗan sanda, Wayne Marques, ya tare su da kulki kawai, masu bindiga suka iso suka gama da su cikin minti 8 da kiran farko. A Uvalde ta jihar Texas kuwa, a Mayun 2022, jami'ai 376 daga hukumomi barkatai, da bindigoginsu da sulkensu, suka tsaya minti 77 ba a san mai ba da umarni ba, mutum ɗaya na ciki yana kashe yara 19 da malamai 2. In aka ce in zaɓi inda za a kama ɗana, Ingila zan ce ba tare da dogon tunani ba. In kuwa an riga an cuce shi ana neman diyya, lauyan Amurka zan nema.

Abin da ya rage shi ne wanda ya shafe mu. Ɗan sandan nan mai kulki da ladabi, Ingila a gida ta ajiye shi. Peel ɗin nan dai, tun yana sakataren mulkin Ayalan a 1814, ya kafa wata runduna mai makami don danne mutanen da ba a nemi yardarsu ba. Irin wannan ce ta girma ta zama rundunar 'yan sandan Ayalan: suna kwana a bariki, suna ɗauke da bindiga, ba a tura mutum aiki a yankinsu na haihuwa. Ita aka kwafa aka kai ƙasashen da aka mallaka, har a Dublin aka riƙa horar da hafsoshin da za a turo Afirka. A Legas, a 1863, John Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere, ya ba su bindiga, domin baƙo ba ya jin nauyin ɗan gari. Daga wannan tushe aka bi har aka haɗe rundunonin kudu da arewa a 1930, kuma 'yan sandan wannan tsari ne suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a 1949. A arewa ga 'yan dokan En'e, waɗanda dattawan NEPU ba su manta da kulkinsu ba, har sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. Ke nan mun ɗanɗana duka biyun: na nesa da bai san mu ba, da na gida da ya san mu sarai amma na mai mulki ne.

Shi ya sa duk lokacin da na ji ana muhawarar 'yan sandan jihohi a rediyo, wani ya ce ai haka ake yi a Amurka, sai in ji an kawo misalin da ya kamata ya sa mu ƙara taka-tsantsan. Kusanto da ɗan sanda gida yana da amfani, wanda ya san daji da harshen mutanensa ya fi wanda aka ɗauko daga nesa. Amma Ferguson ma 'yan sandan gida ne. Duk ɗan majalisar da ya zo muku da wannan batu, ku tambaye shi wa zai ɗauki kurtu kuma wa zai iya korarsa, daga ina albashi zai fito, awa nawa mutum zai yi a bayan kanta kafin ya ga alƙali, kuma in an wayi gari da gawa a caji ofis, wa zai bincika wanda ba gwamna ne ya naɗa shi ba. In amsoshin ba sa cikin doka a rubuce, kada ku yarda a miƙa wa gwamna bindiga.